Bokitin Bakin Ƙofa

Ana sallame magariba nake buɗe kwaɗon.
Ƙofar langa-langa ce, tana kuka kamar akuya,
duk Kara-Kara ta san kukan.

Ɗakin na wani mai walda ne
da ya tafi Agadas bai komo ba.
Mun gaji ƙwan lantarki ɗaya, benci uku,
da allon da Malama Barira ta roƙo mana,
tsagagge ta kusurwa.
Ƙarfen ɗagawa mu muka zuba abinmu:
siminti cikin gwangwanin madara biyu,
ƙarfen matacciyar mota a tsakani.

Suna zuwa ɗaiɗai,
kamar ba nan suka nufa ba.
Ma'azu, hannunsa na warin fetur,
tun hantsi yana gadin kwalabe a bakin titi.
Nafi'u, wanda ba ya gaida kowa
amma shi ke ɗaukar tsintsiya.
Sai ƙananan, masu leƙe ta ramin ƙusa
har sauro ya koro su ciki.

Doka ɗaya gare ni, ba ta a rubuce:
abin da ke ƙugu, abin da ke cikin safa,
a bar shi a bokitin bakin ƙofa.
Ban tambaya. Ban ƙirga.
In za a tashi, mai so ya ɗauki abinsa.
Akwai wuƙa mai ƙotar roba
da ta yi wata bakwai a ciki, har ta yi tsatsa.
Mai ita yakan dube ta in zai fita,
kallon wanda ya gamu da tsohon ubangida a kasuwa,
ya gyara riga, ya wuce.

Ba na yi musu wa'azi.
Tabon nan, daga kunne har haɓa,
ya fi ni iya magana.
Shekara uku na ci tuwon kaso
kan faɗan da yau na manta mafarinsa.
Da ni da su, hanyar ɗaya ce,
na dai riga su ganin inda ta ƙare.

Shayin farko da ɗaci, a kansa ake gardamar ƙwallo.
A na biyu Barira ke ɗaukar alli.
Ranar da Mutari ya rubuta sunansa,
yana da shekara goma sha bakwai,
ya sake zana shi a tafin hannu da biro,
ya ƙi ɗaga ƙarfe don kada gumi ya goge.

Yau kwana uku Siraji bai zo ba.
Wani ya ce an gan shi bayan duwatsu, idonsa ja.
Wani ya ce ya hau motar masu neman zinariya.
Kofinsa, mai tsaga a baki, na kife kan taga.

Uwarsa ta zo bayan lisha.
Ta tsaya daidai bokitin, ba ta shigo ba,
ba ta tambaya ba.
Na miƙa mata shayi na uku, mai zaƙin.
Ta riƙe da gindin tafukanta biyu,
don cutar da ta kawo iyayenta unguwar nan
ta tafi da yatsun tuntuni.
Ta sha a tsaye, tana bin fuskoki ɗaya-ɗaya,
kamar mai tsince tsakuwa a gero.

Sai aka ɗauke wuta.
Ba wanda ya yi ihu yau.
Nafi'u ya kunna fitilar waya,
ya raka ta har gida, shi da ba ya gaida kowa.

Ƙarfe goma na juye gawayin, na kife buta.
Na rataya kwaɗon a ƙofa
ban danna shi ba.
Tabarma na nan, na bar ruwa a randa.
Ƙofar nan ba ta iya ɓoye sirri,
ni kuwa ɗakina na bayan katanga,
kuma barcina ba nauyi.